Me ya sa Jamusawa ba sa gajiya da wasannin 'yan sandan ciki na talabijin?

Malam Sabi'u:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da talabijin na ƙasashen da ake magana da Jamusanci, wato Jamus da Ostiriya da wani yanki na Suwizalan. Akwai wani wasan binciken kisan kai mai suna Tatort, wanda tashar ARD ta fara nunawa ranar 29 ga Nuwamba, 1970, kuma har yau ba a daina ba. An wuce kashi 1,200, ana fitar da sabo a yawancin ranakun Lahadi da ƙarfe takwas da kwata na dare, kuma miliyoyin mutane ne suke zama su kalla a lokaci guda. Ba shi kaɗai ba ne ya yi wannan tsawon rai. Polizeiruf 110 ya fara a 1971, Der Alte ya fara a 1977, kuma dukansu biyu suna nan ana yin su, Derrick kuwa sai da ya shekara 24 kafin a rufe shi a 1998.

Abin da ya sa nake mamaki shi ne, labarin kusan kullum hanya ɗaya yake bi: an tsinci gawa, jami'an bincike sun iso, sun yi ta shiga gidaje suna tambayoyi, kafin a tashi an gano wanda ya yi kisan. A zamanin da kowa yake riƙe da waya mai ɗauke da finafinan duniya baki ɗaya, mene ne yake riƙe mutane a kan abu ɗaya fiye da shekara hamsin? Ina roƙon waɗanda suke zaune a can, da dattawan da suka ga waɗannan wasanni tun da can, su taimaka mana da fahimtarsu.

Hajiya Rabi, Duisburg:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsata ita ce, wanda ya tsara Tatort tun farko bai ɗora shi a kan mutum ɗaya ba, kuma wannan ne ya hana shi tsufa. Sunan mutumin Gunther Witte, ma'aikacin tashar WDR ta Kolon. ARD gamayya ce ta tashoshin yankuna guda tara, saboda haka sai ya kawo shawarar cewa kowace tasha ta yi nata wasan, a nata garin, da nata jami'an bincike, amma a nuna su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, da kiɗan buɗewa ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan makon kana Munich, mako mai zuwa kana Kiel a bakin teku, na gaba kana Viyana ko Zurich. Idan ɗan wasa ya tsufa, ko ya gaji, ko ya rasu, sai a rufe ofishinsa a buɗe wani, shirin kuwa ko a jikinsa.

Bari in ba da misalin garin da nake zaune. A 1981 aka kawo wani jami'i mai suna Horst Schimanski, wanda Götz George ya fito a matsayinsa, aka ajiye shi a Duisburg, garin masana'antar ƙarfe da babbar tashar jiragen ruwa ta kogin Rhine. Kafin zuwansa, jami'an da ake nunawa dattawa ne masu kwat da laƙataye, masu magana a natse. Shi kuwa ya zo da wata tsohuwar jaket mai dauɗa, yana ashar, yana dambe, yana zama a mashayar leburori, yana ɗaukar ɓangaren talaka ko da hakan zai haɗa shi faɗa da shugabanninsa. Da farko manyan gari sun ji haushi, domin a ganinsu an nuna Duisburg a matsayin gari mai hayaƙi da ƙazanta. Yau akwai wani lungu a unguwar Ruhrort da aka raɗa wa sunan Schimanski, mutumin da bai taɓa wanzuwa ba sai a talabijin. Tsofaffin ma'aikatan ƙarfe da nake maƙwabtaka da su suna maganarsa kamar wani abokin aikinsu da ya yi ritaya, domin shi ne ya fara sa sauran ƙasar ta kalli unguwanninsu yadda suke, a daidai lokacin da ake rufe masana'antu ana sallamar mutane. Ya bar Tatort a 1991, kuma shirin bai girgiza ba.

Saboda haka, Malam, gaskiya ne labarin hanya ɗaya yake bi, amma tuwon ne ɗaya, miyar kullum sauyawa take yi.

Alhaji Tanko, Kumasi:

Hajiya ta yi magana mai ma'ana, amma bayaninta bai kama Derrick ba, kuma mu nan Derrick muka sani, ba Tatort ba. A shekarun 1980 zuwa 1990 gidan talabijin na Ghana yana nuna shi da fassarar Turanci, tare da Der Alte, wanda muka sani da suna The Old Fox. Wani kamfani na Jamus mai suna TransTel ne yake fassara irin waɗannan shirye-shirye yana raba wa tashoshin Afirka da Asiya. A zangonmu, gidan da yake da talabijin cika yake yi idan lokacin ya yi.

To, Derrick mutum ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Horst Tappert ne ya fito a matsayinsa a dukan kashi 281, Fritz Wepper yana mataimakinsa Harry Klein, gari ɗaya ne wato Munich, kuma marubuci ɗaya, Herbert Reinecker, shi ya rubuta su gaba ɗaya. Babu sauyin gari, babu sauyin fuska, amma an sayar da shi ga ƙasashe fiye da ɗari. Abin da ya riƙe mu shi ne halin mutumin. Ba ya gudu, ba ya ihu, da wuya ka ga ya zare bindiga. Zai shiga falon attajiri, ya zauna, ya kafa masa waɗannan manyan idanu ta bayan tabarau, ya yi tambaya ɗaya, ya yi shiru, ya tashi, gobe ya dawo ya sake yin tambayar nan dai. A hankali mai laifi zai fara zufa har ya furta da bakinsa. Mu da muka tashi muna ganin yadda dattijo yake warware rigima da haƙuri da dogon sauraro, wannan salon bai zame mana baƙo ba, kuma yara ma suna fahimtarsa ko da Turancinsu bai nuna ba.

Akwai kuma daɗin da mutum yake ji idan ya ga cewa mai kuɗi, mai katafaren gida da mota, bai fi ƙarfin tambaya ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma a Derrick kowane mako ranar mai kaya ce.

Injiniya Lawal, Hamburg:

Da girmamawa ga Alhaji da Hajiya, ni ina ganin ana ba waɗannan wasanni darajar da ta fi ƙarfinsu. Abu biyu ne suke riƙe da su, kuɗi da sabo, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kusan kowane gida a Jamus dole ne ya biya Yuro 18.36 duk wata domin tashoshin gwamnati na rediyo da talabijin, ko yana kallo ko ba ya kallo, ko ma ba shi da akwatin talabijin ɗin. Tashar da take da irin wannan tabbataccen kuɗin shiga ba ta cikin matsin da kamfani mai zaman kansa yake ciki, wanda idan shiri ya yi rauni na 'yan watanni sai a yanke shi.

Sannan a duba tarihi. Lokacin da aka fara Tatort da Derrick, mai kallo a Jamus ta Yamma yana da ARD, yana da ZDF wadda ta fara aiki a 1963, sai tashar yankinsa. Tashoshi masu zaman kansu ba su zo ba sai 1984. Wato an yi kusan shekara goma sha huɗu mutane ba su da wani zaɓi na kirki, har abin ya zame musu jiki. A haɗa da cewa ranar Lahadi shaguna a rufe suke a ƙasar nan, gari ya yi tsit, gobe aiki, labaran Tagesschau sun ƙare da ƙarfe takwas da kwata, hannu bai ma kai ga sauya tasha ba sai ga kiɗan ya tashi. Ni a wajena wannan al'adar zaman gida ce kawai. Kuma maganar gaskiya, da yawa daga cikin kashi-kashin da ake fitarwa ba su da wani armashi: jami'i mai matsalar aure, jami'a mai ciwon rai, dogon wa'azi a kan wata matsalar al'umma, sannan a ƙarshe a ce ɗan'uwan mamacin ne ya yi kisan.

Hajiya Rabi, Duisburg:

Injiniya, kuɗin da ka ambata yana iya sa a ci gaba da yin shiri, amma ba ya iya zaunar da mutum a kujera. Da wannan kuɗin dai aka yi shirye-shirye masu yawa da suka mutu saboda babu mai kallonsu. A 2017, shekara fiye da talatin bayan zuwan tashoshi masu zaman kansu, kuma a lokacin da Netflix ya riga ya shiga gidaje, wani kashi na Tatort na garin Münster ya tara masu kallo fiye da miliyan 14 a dare ɗaya. Babu wanda ya tilasta musu. Ban musa cewa akwai kashi-kashi marasa daɗi ba, sai dai ka lura cewa ko kushe su ma wani ɓangare ne na jin daɗin, domin ranar Litinin jaridu suna fitar da sharhi, abokan aiki suna gardama a kan ko na jiya ya yi kyau ko bai yi ba.

Nafisa, Viyana:

Ina neman izinin iyayena in sa baki. Ni ɗaliba ce, kuma abin da nake gani a nan bai yi daidai da cewa tsofaffi ne kawai suke kallo ba. Akwai gidajen shan shayi da mashayu a biranen Jamus da Ostiriya da suke kafa babban allo ranar Lahadi musamman domin Tatort, kuma matasa ne suke cika su, ana kallo a yi tsit, wasu wuraren har takarda ake rabawa kowa ya rubuta wanda yake zargi kafin a kai ƙarshe. Wasu kuma suna gida amma suna rubuta ra'ayinsu a intanet yayin da ake nunawa. A ganina, abin da wayar hannu ta rage mana shi ne kallon abu ɗaya tare da kowa a lokaci ɗaya, kuma ban da ƙwallon ƙafa, wannan shiri yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya yin haka.

Mu namu jami'an a nan su ne Moritz Eisner, wanda Harald Krassnitzer yake fitowa a matsayinsa tun 1999, da Bibi Fellner, wadda Adele Neuhauser take yi tun 2011. Tashar ORF ta Ostiriya ta shiga cikin shirin tun 1971. Abin da ya fi burge ni shi ne harshe, domin Jamusancin Viyana daban yake da na Hamburg ƙwarai, kuma ba sa gyara shi don su faranta wa kowa. Mai koyon harshen kamar ni yana ƙaruwa sosai, saboda yana jin yadda direban tasi da lauya da 'yar kasuwa suke magana da gaske, ba irin ta littafin makaranta ba.

Baba Alhaji, ko kun ga Kommissar Rex a can? Shi ma ɗan Viyana ne, an yi shi daga 1994 zuwa 2004, kuma babban jami'in binciken a cikinsa kare ne.

Alhaji Tanko, Kumasi:

'Yata Nafisa, na gan shi daga baya ta tauraron ɗan'adam. Jikokina sun so shi ƙwarai, ni kuwa duk lokacin da karen nan ya hau kujerar falo ko ya sace burodin wani jami'i a ofis sai raina ya sosu. Amma na yarda yana da wayo, kuma na ji cewa Italiyawa sun so shi har suka ɗauke shi suka ci gaba da yin sa a birnin Rum.

Dokta Maryam, Leipzig:

Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi a kan maganar Injiniya. Ina nufin Polizeiruf 110. Wannan shiri na Jamus ta Gabas ne, ƙasar gurguzu, an fara shi ranar 27 ga Yuni, 1971, watanni bakwai kacal bayan Tatort, domin mutanen Gabas da yawa suna kama tashoshin Yamma da eriyarsu kuma hukuma tana son ta ba su nasu. Lambar 110 ita ce ta kiran 'yan sanda. Tun da yake akidar gwamnatin ita ce manyan laifuffuka cutar jari-hujja ce, masu shirin ba su cika nuna kisan kai ba; sun fi karkata ga sata a wurin aiki, da zamba, da shaye-shaye, da yaran da suka kangare. Sakamakon haka ya zo da abin da hukuma ba ta nufa ba: shirin 'yan sanda ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake iya nuna ruɓaɓɓen gini, da magidanci mashayi, da ma'aikacin da yake kwashe kayan masana'anta, abubuwan da labaran gwamnati ba sa ambata.

Da ƙasar ta rushe, an rufe gidan talabijin ɗinta a ƙarshen 1991, kuma kusan duk shirye-shiryenta sun bi ta. Polizeiruf 110 ya tsira, ARD ta karɓe shi, yau yana karɓa-karɓa da Tatort a daren Lahadi. A watan Oktoba na 1990, 'yan makonni bayan haɗewar ƙasar, har an yi wani kashi na haɗin gwiwa inda Schimanski da Hajiya ta ambata ya yi aiki tare da jami'an Gabas. Idan kuɗin haraji ne kawai, me ya sa wannan ya rayu sauran suka mutu?

Kuma a tuna cewa kashin farko na Tatort, mai suna Taxi nach Leipzig, a kan rabuwar ƙasar aka gina shi: an tsinci gawar wani yaro a gefen babbar hanya a Gabas, sanye da takalman da aka yi a Yamma, sai wani jami'in Hamburg mai suna Trimmel ya tsallaka iyaka ba da izini ba domin ya bincika. Tun daga ranar farko, gawar hanya ce ta shiga cikin abin da yake damun ƙasar. Wanda ya jera waɗannan wasanni daga 1970 zuwa yau zai ga yadda tufafi da motoci da gidaje suka sauya, zai kuma ga yadda fargabar mutane ta sauya, daga rabuwar ƙasa zuwa rashin aikin yi, zuwa masu tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi, zuwa tsadar haya da laifuffukan intanet.

Injiniya Lawal, Hamburg:

Dokta, maganar Polizeiruf ta shige ni, ban da amsar da zan ba ta. Amma batun cewa suna nuna al'umma yadda take, a nan ina da ja. Sun daɗe ƙwarai kafin su yarda cewa mai bincike zai iya zama wani ba Bajamushe namiji fari ba. Mace ta farko da ta jagoranci bincike a Tatort ta zo ne a 1978, Nicole Heesters a Mainz, kuma ba ta daɗe ba. Turkawa sun fara zuwa aiki Jamus da yawa tun yarjejeniyar 1961, amma sai 2008 aka sami babban jami'i ɗan asalin Turkiyya, Mehmet Kurtuluş a matsayin Cenk Batu a nan Hamburg. Baƙar mace kuwa sai 2019, lokacin da Florence Kasumba, haifaffiyar Kampala, ta fara fitowa a Göttingen. A tsakanin nan, baƙo a cikin waɗannan wasanni yawanci ko dai gawa ne, ko wanda ake zargi, ko mai sayar da ƙwaya a tashar jirgin ƙasa.

Kuma idan sun taɓo al'ummar baƙi ba kullum suke yin adalci ba. A ƙarshen 2007 an nuna wani kashi da ya kawo labarin lalata a cikin wani iyali na mabiya aƙidar Alevi 'yan asalin Turkiyya, alhali wannan tsohon ƙazafi ne da aka daɗe ana yi musu. Dubbansu suka yi zanga-zanga a Kolon, kuma daga nan aka daina maimaita wannan kashi. Madubin da yake ɗaukar shekara arba'in kafin ya ga maƙwabcinka, ina ganin akwai tabo a jikinsa.

Malam Isufu, Damagaram:

Salamu alaikum. Ni da Faransanci na kalli Derrick, domin Faransawa sun fassara shi sun yi ta maimaita shi shekara da shekaru da rana bayan cin abinci, har ya zama abin barkwanci a wajensu cewa shirin masu barcin rana ne. Ina so in ƙara wa Injiniya wani abu, in kuma rage masa wani.

Abin ragewa shi ne, Der Alte ya riga Tatort nisa a wannan fanni. Tun 1986 akwai baƙar fata a cikin tawagar binciken, Charles M. Huber, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, ya fito a matsayin Henry Johnson har zuwa 1997, daga baya kuma ya zama ɗan majalisar dokokin tarayyar Jamus daga 2013 zuwa 2017. Wanda ya gaje shi, Pierre Sanoussi-Bliss, mahaifinsa ɗan Gini ne. Ga mai kallo a Afirka a wancan lokaci, ganin baƙin mutum yana nuna katin ɗan sanda ga Bature a Munich ba ƙaramin abu ba ne.

Abin ƙarawa kuma ya fi nauyi, kuma Alhaji zai yi mini haƙuri. A 2013, shekara biyar bayan rasuwar Horst Tappert, aka gano cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin rundunar Waffen-SS ta 'yan Nazi, abin da bai taɓa faɗa ba a rayuwarsa. Tashar ZDF ta daina maimaita Derrick saboda haka. Marubucin ma, Herbert Reinecker, an san ya yi wa ƙungiyar matasan Hitler rubuce-rubucen farfaganda kuma ya yi aikin ɗauko rahoton yaƙi a wannan runduna. Tun da na san haka sai na riƙa kallon shirin da wani ido. Ga wasa da ya shekara 24 yana maganar laifi da lamiri da amsa laifi, kullum a cikin gidajen masu hali inda kowa yake ɓoye wani abu a bayan ladabi da labule, waɗanda suka yi shi kuma su da kansu suna zaune a kan abin da ba su furta ba. Ina zargin cewa wani ɓangare na farin jininsa a wajen Jamusawan wancan zamani daga nan yake: ana ba su laifi ƙarami, na mutum ɗaya, wanda ake iya ganowa a rufe shi cikin awa guda.

Alhaji Tanko, Kumasi:

Babu komai, Malam Isufu, gaskiya ba ta neman haƙuri. Na ji wannan labari lokacin da ya fito, kuma ya dame ni. Sai dai mu da muka kalla a Kumasi ba mu da wani abin yaƙi da muke ɓoyewa, amma duk da haka mun so shi, Italiyawa da Sinawa da mutanen Holan ma sun so shi. Saboda haka bayaninka yana iya zama daidai ga Jamusawa, bai isa ya bayyana sauran duniya ba. Ni ina nan a kan cewa ɗan'adam ko'ina yake yana son ya ga hukuma mai aiki da hankali, wadda ba ta duka, ba ta karɓar na goro, ba ta tsare marar laifi don ta rufe fayil. Ko babu irinta a zahiri, ganinta a allo yana sanyaya rai.

Nafisa, Viyana:

Baba Alhaji, abin sha'awa shi ne jami'an yanzu sun bar wannan siffa ta dattijo marar aibi, amma mutane ba su gudu ba. Bibi Fellner da na ambata an gabatar da ita ne a matsayin mai fama da shan giya. Na Dortmund, Faber, mutum ne da rasuwar matarsa da 'yarsa ta taɓa masa tunani. Na Münster kuwa, Thiel da likitan binciken gawa Farfesa Boerne, waɗanda suke tare tun 2002, kusan wasan barkwanci suke yi, kuma su ne suka fi kowa masu kallo. A Wiesbaden akwai Murot, wanda Ulrich Tukur yake yi, inda ake gwada salo iri-iri har wasu masu kallo su fusata su ce wannan ba Tatort ba ne. Abin da ba a taɓawa shi ne lokaci, da tsawon minti 90, da buɗewar nan mai idanu da alamar saitin bindiga da ƙafafun mutum yana gudu, tare da kiɗan Klaus Doldinger, waɗanda kusan yadda suke a 1970 haka suke har yau.

Hajiya Rabi, Duisburg:

Nafisa ta kawo ni inda nake so in ƙarasa. Akwai wani abu da tsawon lokaci ne kaɗai yake iya samar da shi, kuma kamfanin da ya zo jiya ba zai iya sayensa da kuɗi ba. Ulrike Folkerts tana fitowa a matsayin Lena Odenthal a Ludwigshafen tun 1989, wato tun shekarar da katangar Berlin ta faɗi. Batic da Leitmayr na Munich sun fara a 1991 da baƙin gashi, masu kallo suna gani har kansu ya yi fari fat, kuma da aka sanar cewa za su ajiye aiki idan sun cika kashi 100, sai da ya zama babban labari a jaridu. Ballauf da Schenk na Kolon, tun 1997, sun saba ƙare bincikensu a tsaye gaban wata rumfar mai soya nama a bakin kogi, babbar majami'ar birnin tana hango su daga tsallake. Matar da ta fara kallon waɗannan mutane tana amarya, yau da jikokinta take kallonsu. Injiniya ya kira wannan sabo, ni ma ban ƙi sunan ba, illa dai ban ga wawanci a cikinsa ba.

Injiniya Lawal, Hamburg:

Hajiya, na janye kalmar wawa, na bar sabo. Abin da zan zuba ido in gani shi ne ko sababbin jami'an da ake kawowa yanzu za a ba su shekara talatin kamar waɗancan, domin na lura 'yan wasan zamanin nan ba sa son a ɗaure su a matsayi ɗaya, wasu bayan 'yan shekaru sai su ajiye su tafi. Idan fuskoki suka riƙa sauyawa da sauri, hujjarki ta ƙarshe za ta yi rauni, sai ta farko ta rage, wato ta garuruwa da tsarin tashoshi. Akwai kuma rigimar da ake ta yi a siyasar ƙasar kan kuɗin nan na wata-wata, inda wasu jihohi suke ƙin amincewa da ƙari, kuma duk ranar da aka matse tashoshin, shiri mai tsada irin wannan yana cikin waɗanda za a fara rage yawansu.

Malam Sabi'u:

Na gode ƙwarai da wannan bayani. Ina da wata tambaya ta daban ga mazauna can: wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, kuma Jamusancinsa bai yi ƙarfi ba, daga ina ya kamata ya fara?

Dokta Maryam, Leipzig:

Malam, kada ka fara da na Münster, domin barkwancinsu a cikin magana yake, kuma idan harshe bai zauna ba rabin abin zai wuce ka. Na Viyana da na Suwizalan ma ka jinkirta su, saboda lafazin Ostiriya yana wahalar da mai koyo, na Suwizalan kuwa har sake ɗora masa murya ake yi da daidaitaccen Jamusanci kafin a nuna wa Jamusawa. Na Kolon ya fi sauƙi, labarinsu a miƙe yake kuma maganarsu a fili take. Idan kuwa saurin magana ne matsalar, tsofaffin kashi-kashin Der Alte sun fi dacewa, domin a cikinsu ana magana a hankali, ana kuma maimaita tambaya. Sababbin kashi-kashin Tatort da Polizeiruf 110 ana ajiye su na wani lokaci a rumbun shirye-shiryen ARD na intanet tare da rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo, sai dai wasunsu ba sa buɗuwa ga wanda yake wajen Jamus.